Amsa kan jinyar da ke mutunta al'adar 'yan asalin ƙasa

Malama, kin tambaya ko wannan tsari na jinyar da ke mutunta al'adar 'yan asalin ƙasa bai wuce ma'aikaciyar jinya ta haddace al'adun wata ƙabila ba. A ganina ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Tunanin ya samo asali ne a Niyu Zilan, inda Irihapeti Ramsden, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Maori, wato 'yan asalin ƙasar, ta jagoranci fafutukarsa, har hukumar kula da aikin jinya ta ƙasar ta shigar da shi cikin jarrabawar ɗalibai a 1992. Ginshiƙinsa shi ne mara lafiya ne ke yanke hukuncin ko an mutunta shi, yayin da ake buƙatar ma'aikaciyar ta fara bincikar nata zato da ikon da muƙaminta ya ba ta a kan wanda ke kwance.

A aikace abin yana bayyana a ƙananan al'amura. Maori suna ɗaukar kai a matsayin wuri mai alfarma, saboda haka matashin da aka tada kai da shi ba a mayar da shi ƙarƙashin ƙafa, kuma ana neman izini kafin a taɓa kan mutum. Bayan haihuwa, iyalai da yawa suna karɓar mabiyiya domin su binne ta a ƙasar kakanninsu, kuma kalmarsu ɗaya ce, whenua, ke nufin mabiyiya da ƙasa. Amma ba kowane Bamaori ne ke son haka ba, shi ya sa ake tambayarsa tare da danginsa kafin a yanke komai.