Biraket ɗin stabilaiza ya karye sau uku: kada a sake kai shi wurin mai walda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Golf 3 wagon, ina jigila da ita tsakanin Daura da Katsina, wani lokaci in leƙa Mai'adua ranar kasuwa. Biraket ɗin da ke riƙe da sandar stabilaiza (mai hana mota kwanciya a kwana) ta gefen direba ya karye sau uku tun bayan damina. Na farko na sa sabo, na biyu aka yi walda, na uku mai walda ya ƙara masa ƙarfe mai kauri. Yanzu in na faɗa rami ina jin ƙwas-ƙwas daga ƙasa, in na sha kwana kuma motar tana kwanciya. Wani ya ce in cire sandar gaba ɗaya in huta. Ni tsorona, mutane nake ɗauka. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kuma tun kafin komai ina roƙonka ka rage gudu da lodi har a gama binciken nan. Biraket ɗin nan ba ya ɗaukar nauyin mota. Aikinsa ya rungumi bushin, wato robar da ke kewaye da sandar, sandar kuma ta riƙa juyawa a cikin bushin ɗin. In ya karye sau ɗaya a motar da aka fara ƙerawa tun 1991, sai mu ce tsufa da tsatsa. Amma sau uku, kuma a gefe guda, akwai abin da ke karya shi. Ku dai kun bar jaki kuna dukan taiki.

Fara da ɗauko wanda ya karye ka dubi bakin karayar a rana. In ka ga rabi ya yi duhu, da tsatsa, sumul, da wasu layuka masu lanƙwasa, sauran kuma fari ƙal da kaushi, to tsagewar ta daɗe tana tafiya a hankali, farin nan shi ne abin da ya rage ranar da ya ɓalle. Wannan gajiyar ƙarfe ce, irin ta wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. In duk fari ne, duka guda ya sha, sai a nemi alamar dutse ko rami a ƙasan motar.

Daga nan a hau da motar kan ramin gareji, tayoyinta huɗu a ƙasa, a kwance linkej na gefe biyu, wato ƙananan ƙarafan da ke haɗa bakin sandar da ƙafar mota. Kama bakin sandar ka ɗaga ka sauke. Ya kamata ta motsa da ɗan nauyi amma ba tare da cijewa ba. In ta ƙafe, bushin ya matse ta ko tsatsa ta kumbura a ƙarƙashinsa, kuma duk murɗawar da sandar za ta yi biraket ne ke shanta. In tana lilo, bushin ya cinye, kowane rami sandar na dukan biraket. Sai kuma ka duba bakunan biyu: in ɗaya ya zauna daidai da mazauninsa, ɗaya kuma sai an danna shi da ƙarfe kafin ya shiga, to sandar a murɗe take ko da motar tana tsaye. Ko dai ta lanƙwashe, ko motar ta karkace. A auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi a kan siminti mai daidai. Bambancin da ya kai santimita 2 tsakanin hagu da dama yana nuna sifirin da ya zauna ko ya karye, kuma har na baya za a duba, musamman ku da kuke ɗaga bayan mota da sifirin wata motar saboda lodi. Mataccen shakazoba a gefen direba shi ma yana iya jawo karyewar biraket.

Yanzu ga abin da ke cin raina, wanda kusan kullum sai na gan shi. Mutum ya zo da ƙarfe a karye, ba wanda zai tambayi dalili, sai a ce kai wa mai walda ya ƙara masa ƙarfi. Wane ƙarfi? Zafin walda yana sauya ƙarfen da ke gefen ɗinkin, bakin ɗinkin kuma nan ne sabuwar tsagewa ke samun mafara. Shi ya sa za ka ga waldar tana nan lafiya lau, karayar kuma ta bi gefenta. Mai walda sai ya nuna maka ya ce ai aikinsa bai karye ba. Gaskiya ne, amma aikinsa ne ya karya maƙwabcinsa. Ƙara kauri ya fi wannan muni. Abin da ke murɗa biraket bai tafi ko'ina ba, in biraket ya ƙi karyewa sai ƙarfin ya koma kan gadon ƙarfen da aka ɗaure shi, wato kuros memba, kuma a jikinsa lowa am mai riƙe da tayar gaba da rak ɗin sitiyari suke. Biraket kuɗinsa kaɗan ne. Kuros memba in ya yage a kan hanya, tayar gaba ce za ta bar mazauninta da mutane a ciki. Ƙarar da kake ji yanzu, ina zargin daga nan take, don haka a wanke wurin da kyau a haska da tocila a nemi tsaga kewaye da ramin noti.

Akwai ma masu hura wa sandar kanta wuta su miƙar da ita, ko su ɗinke ta in ta tsage. Sandar nan ƙarfen sifirin ce da aka gasa aka sanyaya da lissafi a masana'anta. Da wutar gas ta taɓa ta har ta yi ja, wurin ya mutu, ko ya saki ko ya ɓalle ba gargaɗi. Wasu kuma su liƙa biraket da kuros memba da walda saboda haƙoran noti sun cinye, bushin na ciki yana ƙonewa, bututun birki na kusa, batir ko cirewa ba a yi ba. Wallahi ba tausayin mai mota ba ne wannan, ganganci ne da rayukan bayin Allah, kuma makanike da ya tura mutum can ya san abin da ya yi.

Cire sandar kuwa, kada ka soma. Mota mai lodi a but da saman rufi, in babur ko saniya ta faɗo maka ka kauce da sauri, ba stabilaiza a gaba, bayanta ne zai nemi wuce gabanta.

In an gano dalilin, a sa biraket biyu na asali, ko da na Beljiyam ne masu lafiya, da bushin da ya dace da kaurin sandarka, a auna ta kafin a sayo. Ban da yankan tsohuwar taya. Kada a shafa bakin mai ko giris na yau da kullum, suna lalata roba, ruwan sabulu ya isa wurin sawa. Bol ɗin ya kasance mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, gwargwadon wanda aka cire na asali, ba na shagon kayan gini ba. Linkej biyun tsayinsu ɗaya, kuma ɗaurin ƙarshe a yi shi motar na zaune kan tayoyinta, ba a rataye kan jak ba. In kuros memba ya tsage ko tsatsa ta ci shi, a sauya shi ɗungurungum, sannan a kai motar alaimen kafin ka koma ɗaukar fasinja.