Ka tabbatar da rumfarka tun kafin ranar zaɓe

Ɗan'uwa, ka ce ka yi ƙaura bayan ka yi rajista, kana tambaya ko za ka iya jefa ƙuri'a a rumfar da ke kusa da sabon gidanka. A yawancin ƙasashe hakan ba ya yiwuwa. Sunanka yana kundin rumfar da ka yi rajista ne, sai dai in ka nemi a sauya maka, shi ma sauyin yana da wa'adin da ake rufewa tun kafin zaɓe.

Fara duba katinka, galibi akwai suna ko lambar rumfa a jiki. Amma kada ka dogara da shi kaɗai, don hukumar zaɓe kan raba rumfar da jama'a suka yi wa yawa, ko ta mayar da ita wani wuri. Shiga shafinta na intanet ka sa bayananka, ko ka leƙa ofishinta. Saƙonnin da ake yawo da su a WhatsApp kam, rabu da su.

Ni dai nakan taka har wurin ana saura kwana biyu, in ga ƙofar shiga da idona, in kuma tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa.