Allon wasan kait na kan teku ba ya fita daga shagona sai ya kwana a akwatin zafi

Ka ce mini, "Maigida, tunda allon ya yi tauri a cikin leda, me ya sa sai ya sake kwana a akwatin zafi? Mai shi sai kira yake yi." To, ya yi ta kira. Jawo kujera ka zauna, yaro, don tambayar nan taka ta sosa mini inda ke yi mini ciwo har gobe.

Ba zan tsaya koya maka auna gam ɗin ifoksi da maganin daskarewarsa a sikeli ba, ko shimfiɗa ƙyallen faiba a kan katakon faloniya da muke yin cikin allo da shi. Wanda ya yi wata guda a shagon nan bai iya wannan ba, gara ya nemi wata sana'a. Abin da ba ka gane ba shi ne, tauri daban, nuna daban. Ifoksin da ya daskare da zafin ɗaki kawai, da zarar ya ji zafin da ya haura digiri 50 da 'yan kai, sai ya fara saki. Kamar tukunyar ƙasa ce da ta bushe a inuwa ba a gasa ta ba. Shi ya sa muke mayar da allon akwati, a ɗaure a kan teburin lanƙwasa, a digiri 50 zuwa 60, ya kwana. Daga nan ne yake iya jure rana.

Wani mutum mai makarantar koyar da kait, wato wasan da laimar iska ke jan mutum a kan allo bisa ruwa, a nan Tarifa, bakin tekun Sifen, ya taɓa ba ni aikin alluna 10, tsawo santimita 135, faɗi 41, irin na masu koyo. Ya ce baƙi wuluk yake so, da sunan makarantarsa da ruwan zinariya. Na ce masa baƙi na shan rana. Ya ce kuɗinsa ne. Rabin kuɗi ya bayar, sauran sai an gama. Katakon na zaɓa da hannuna, busasshe. Robar gefe na goge ta, na bi ta da wuta don gam ya kama. Mazaunin noti na bakin ƙarfe mara tsatsa na sa, ba irin na arha da ruwan gishiri ke cinyewa ba. Wallahi ban taɓa yin alluna masu kyan waɗannan ba.

Watan Agusta ne, gari cike da baƙi, iskar Lebante ta taso daga gabas, kowa na son shiga ruwa. Na je masallaci ranar Juma'a, allunan na jiran shiga akwati. Mutumin nan ya zo ya tarar da yaron da nake da shi a lokacin, ya ce wai mun yi magana a waya na amince ya kwasa. Ƙarya ce tsagwaronta. Ya loda su a bayan mota, ya kulle, ya ajiye ta a bakin teku tsakar rana ya tafi cin abinci. Motar da aka rufe a irin wannan ranar, cikinta kan wuce digiri 60, balle baƙin allo da ke jingine da gilashi.

Da ya dawo da su, na ɗora yatsa a tsakanin mazaunin ƙafa biyu, sai na ji fatar tana motsi, ta kumbura ta rabu da katako. Na ƙwanƙwasa da kwabo, sai ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa. Waɗanda ke ƙasa kuma nauyi ya danne su, lanƙwasarsu ta miƙe. Allon da ya rasa lanƙwasa, hancinsa nutsewa yake yi a igiyar ruwa, ya kifar da mai shi. Mutumin nan bai biya ni sauran kuɗina ba. Wannan ma da sauƙi. Ya bi bakin teku yana gaya wa masu makarantu cewa aikina na banza ne. Kakar nan gaba ɗaya babu wanda ya kawo mini sabon aiki, sai gyaran fasassun alluna na wasu. In na gan shi a hanya har yanzu, ƙetarewa nake yi.

Ku yaran yanzu, kun kalli bidiyo na minti 5 a waya, an zuba gam, an cire allo yana ƙyalli, shi ke nan kun zama gwanaye. Daren akwati ba a nuna muku shi, don ba shi da daɗin kallo. Kuma kuna tsoron mai kaya fiye da yadda kuke tsoron lalacewar aiki, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Tashi ka sa allon nan a akwati. Kada ka kwance shi daga teburin. Ka ɗaga zafin a hankali, ba a lokaci guda ba, ma'aunin zafi kuma a jikin allon za ka manna shi, ba a bangon akwati ba. Da safe ka kashe, ka bar ƙofa a rufe har ya huce da kansa. In mai shi ya sake kira, ka ce masa jibi. In ya ɗaga murya, ka miƙo mini wayar.