Kuɗi sun samu, amma wa zai riƙe makullin filin?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka cewa wani mai hali ya ɗauki nauyin gyara muku tsohon filin tanis na unguwarku, kuna shirin ɗaukar koci da maigadi a kan albashi, kai kuma kana ganin tunda kuɗi sun samu ba sai an tsaya roƙon mutane su yi aikin sa kai ba. Na daɗe a kwamitin wani ɗan ƙaramin kulob, na riƙe sakatare na riƙe ma'aji, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ku karɓi gyaran da hannu biyu, Allah ya saka masa da alheri. Amma ka zagaya tsofaffin makarantun sakandare da rukunin gidajen ma'aikata a garuruwanmu, ka ƙirga filayen tanis ɗin da suka zama kango. Simintin yana nan, sandunan raga suna tsaye, sai dai ciyawa ta fasa tsakiyar fili, awaki sun mayar da shi wurin shan inuwa. Duk da kuɗi aka gina su, wasu ma da kuɗin gwamnati. Abin da suka rasa shi ne mutumin da ransa zai ɓaci in ya ga raga ta yage. Mai kuɗi zai biya fenti sau ɗaya. Ba zai zo bayan sallar asuba ya buɗe ƙofa ba.

Aikin filin tanis ƙanana ne, amma ba sa ƙarewa. In na jar ƙasa ne, sai an yi masa yayyafin ruwa, an ja shara an daidaita, an bi da rola an danne. Da hunturu kana gama ba shi ruwa ya bushe, da damina kuma ruwan dare ɗaya ya share layuka sai an sake ja. In na siminti ne, yashin da iska ke kawowa shi ne abokin gaba: yana sa santsi, kuma takalmi na murza shi yana cinye fenti. Ƙaramar tsaga in ba a toshe ta kafin ruwa ya sauka ba, baɗi da ɗan yatsa za ka auna ta. Ita ma raga tana da ƙa'ida, santimita 91.4 a tsakiya, mita 1.07 a jikin sanduna, kuma kullum saki take yi. Mu wata sanda muka yanke daidai tsawon, tana rataye a bayan ƙofar sito, duk wanda ya riga zuwa shi zai auna ya ɗaure. Koci ba zai yi wannan ba, ya gama darasi zai hau babur ya tafi wani wurin neman na cefane, kuma ba laifinsa. Maigadi ƙofa aka ba shi.

Kada ka ɗauka talauci ne ke sa a dogara da masu sa kai. Hukumar tanis ta Jamus tana da mambobi sama da miliyan 1 a kulob-kulob kusan 9,000, kuma akasarinsu kwamitin da mambobi suka zaɓa ne ke tafiyar da su ba albashi. A da yawa daga cikinsu ma doka ce: kowane mamba zai yi wasu sa'o'i na aiki a shekara, musamman lokacin da ake shirya filayen ƙasa bayan sanyi ya wuce, wanda bai zo ba ya biya kuɗi a madadin. Wannan tsarin muka ara, kuma ya yi mana amfani, don manyan da ke ganin sun fi ƙarfin riƙe tsintsiya sun gwammace su biya, mu kuma mu sayi ƙwallo da kuɗin.

Inda ake samun matsala shi ne a tara wa mutum ɗaya komai. Muna da wani dattijo ɗan fansho, mutumin kirki. Makulli a aljihunsa, littafin kuɗin wata a jakarsa, shi ya san mai saƙa igiyar raket, shi ya san yadda ake lallaɓa famfon ruwa ya tashi. Kowa na yabonsa, kowa kuma ya naɗe hannu. Shekarar da ya tafi aikin Hajji, kafin ya dawo fili ya tsattsage, an yanke mana wuta saboda ba wanda ya san ranar biya, yaran da ke zuwa ranar Asabar sun watse. Da ya dawo bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauki bokiti. Amma daga fuskarsa mun san ya gaji, kuma ba a yi nisa ba ya ajiye.

Bayan nan ne muka daddatsa aikin ƙanana-ƙanana. In ka ce wa ma'aikaci mai iyali ya zo ya zama shugaban kwamiti, zai ce ba shi da lokaci. In ka ce masa ranar Laraba da yamma kai ne mai buɗewa da rufewa, zai yarda. Makulli ya zama uku. Muƙami shekara biyu ne a sauka. Kuɗi ba sa fita sai da hannun mutum biyu, kuma ƙarshen kowane wata ma'aji ya ɗauki hoton shafin littafi ya tura WhatsApp. Wannan na ƙarshen kada ku yi wasa da shi, don ba abin da ke korar mai aikin Allah da Annabi kamar ya ji ana raɗe-raɗin ya ci kuɗi. Wanda kuma ya sayi mai ko fenti daga aljihunsa, a mayar masa ko bai nema ba.

Sai batun yaran ɗaukar ƙwallo, kuma a nan ina da zafi. Waɗannan ba masu sa kai ba ne. Yaro ya wuni yana gudu a rana don Alhaji ya motsa jiki, a sallame shi da kyau, kuma a ware masa lokacin da zai riƙe raket. Ɗan wasan tanis na Najeriya Nduka Odizor da ɗaukar ƙwallo ya fara a Legas, a 1983 ya fitar da fitaccen ɗan wasan Ajantina Guillermo Vilas a babbar gasar tanis ta Wimbledon a Ingila har ya kai zagaye na huɗu. A Amurka kuwa, lokacin da ake hana baƙaƙen fata shiga filayen turawa, wani likita mai suna Robert Walter Johnson ya gina fili a bayan gidansa a Lynchburg ta jihar Virginia, yana tara yara da hutu yana ciyar da su yana koya musu. Althea Gibson da ta ci Wimbledon a 1957 da 1958 ta bi ta hannunsa, haka Arthur Ashe da ya ci a 1975. Ba na ce unguwarku za ta fitar da irinsu ba. Amma awa biyun safiyar Asabar da babba ɗaya zai tsaya yana jefa wa yara ƙwallo, ita ce ke samar da waɗanda za su riƙe kulob ɗin bayanku. Ku nemo ƙwallayen koyo masu ja da ruwan lemo da kore, ba su da gudu kamar ta manya, yaro na iya mayar da su tun ranar farko.

In kuna son 'yan mata su zo, sai kun sami mace babba a kwamiti wadda za ta riƙa zama a wurin, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba, kuma suna da gaskiya. A Birtaniya ma hukumar tanis ta ƙasar, wato LTA, ba ta yi wa kulob rajista sai yana da wanda aka ɗora wa kula da lafiyar yara da tsaronsu.

Kafin ɗan kwangila ya sauke buhun siminti ko ɗaya, ku zauna ku rubuta sunayen waɗanda suka yarda da aiki, kowa da ranarsa. Sannan ku roƙi mai ba da kuɗin ya rage ƙawa, ya ware wani kaso a asusun kulob don raga da ƙwallo da gyaran shekara biyu masu zuwa. Ka gaya mini filin naku na siminti ne ko na ƙasa, kuma akwai ruwa kusa ko sai an sayo, sai in turo maka jadawalin da muke amfani da shi ka gyara daidai da naku.