Amsa kan tagar jirgin fiba mai yoyo

Ɗan'uwa, ka ce tagar jirgin ruwanka na fiba (roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi) tana yoyo, kana tambaya ko ka ƙara shafa gam ɗin silikon a bakinta. Don Allah kada ka yi. Sabon silikon ba ya kama tsohon, ruwa zai ci gaba da bi ta ƙarƙashi.

Kwance tagar gaba ɗaya, ka kankare tsohon gam har sai fiba ta fito tas, ka goge da asiton, wato sinadarin da ke cire jan farce. Amma kada asiton ya taɓa gilashin in na roba ne, tsattsagewa yake yi. Duba bakin ramin da ka cire tagar: in akwai katako a tsakiyar fibar kuma ya jiƙe, bari ya bushe sarai, ka shafe shi da efoksi, gam mai sandarewa da ke hana ruwa shiga.

In tagar mai ƙarfe ce da kusoshi, ni tef ɗin butil (tef na roba mai danƙo da ke toshe yoyo) na fi yarda da shi, don ba ya sandarewa. In gilashin roba ne zalla kuwa, ka yi amfani da gam ɗin da ake kira Sikaflex 295 UV. Ka ɗan faɗaɗa ramukan kusoshi, domin zafin Yamai na watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana sa roba ta ƙara faɗi. Kada ka ɗaure kusoshin da ƙarfi, kuma ka gama kafin damina.