Tambayi likita: karin kumallo da gero, wake da ganye

Tambayoyin da suka iso mini a wannan mako daga Damagaram da kewaye sun taru a kan abin da za a ɗora a wuta da safe, a lokacin da nama da ƙwai da madara suka yi wa aljihun mutane da yawa nisa. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya daga wata uwa a unguwar Birni: Likita, ƴaƴana uku ne suke zuwa lakwal, kuma kullum burodi da shayi nake ba su. Malamin ƙaramin ya ce yana gyangyaɗi a aji tun kafin hantsi ya ɗaga. Abincin da babu nama ko ƙwai zai iya riƙe yaro?

Amsa: Ƴar'uwa, ki kwantar da hankalinki, zai riƙe shi ƙwarai, muddin an haɗa shi yadda ya kamata. Burodin farar fulawa da shayi mai sukari suna saurin narkewa a ciki, shi ya sa yunwa take dawowa tun ba a je ko'ina ba. Abin da zai gyara miki wannan yana nan a kasuwar Dole, kuma shi ne abin da iyayenmu suka raine mu da shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, wato sinadarin da ke gina jiki, gero kuma yana da kimanin kashi 11 cikin 100. Akwai wani ɓangare na furotin da ya yi ƙaranci a hatsi amma ya wadata a wake, akwai kuma wanda ya yi ƙaranci a wake ya wadata a hatsi, don haka idan suka haɗu a kwano ɗaya kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Yana yi mini ciwo in ga ana lodin buhunan wake zuwa Najeriya, Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya, amma yaranmu suna fita da ruwan shayi a ciki.

Ga yadda zan so ki gwada. Bayan sallar isha'i ki tsince wake, ki jiƙa shi, ki kuma zage ganyen zogale ki ajiye. Da asuba ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗora waken da sabon ruwa, sannan ki aza madambaci a kan tukunyar da tsakin gero da kika wanke a ciki, tururin waken ya turara shi. Wuta ɗaya ta yi miki aiki biyu, gawayi ya huta. Idan tsakin ya yi laushi ki juye shi, ki cuɗa da zogalen da yankakkiyar albasa da tattasai, ki mayar ya sake turara har ganyen ya nuna. Ki sauke, ki zuba waken, ki barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ki ɗiga man gyaɗa kamar cokali ɗaya ga kowane yaro. Man nan yana da amfani, domin sai da maiko jiki yake iya ɗaukar sinadarin da ke cikin ganye wanda yake zama bitamin A. Ki dai kula da gyaɗar: wadda ta yi funfuna ko take ɗaci a baki tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Idan aka yi mako biyu yaron yana cin wannan amma gyangyaɗin bai daina ba, ki kai shi asibiti a auna jininsa, don ƙarancin jini ma yana kawo haka.

Tambaya daga wani magidanci a Sabon Gari: Shekara uku ke nan ina da ciwon sukari. An ce in bar koko da ƙosai, ni kuwa da su na saba karya kumallo.

Amsa: Malam, na san ba ƙaramin abu ba ne a raba mutum da abin da ya tashi da shi, kuma ba zan ce ka bar gero ko wake ba. Matsalar koko ita ce an tace shi, dusar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini ta tafi ga dabbobi, abin da ya rage gasara ce mai ruwa-ruwa, sannan a zuba mata sukari. Ƙosai kuwa waken cikinsa ba shi da laifi, man da ya sha ne, musamman wanda aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Ka roƙi uwargida ta riƙa yi maka alala da wannan ƙullun, a turara shi da albasa da ɗan mai kaɗan, ka ci da kwaɗon zogale ko na rama. Idan ranka ya biya da kunu, a dama maka na gero da ba a tace ba, ƙaramin kofi ɗaya, babu sukari babu zuma, kuma ka sha shi bayan ka fara cin wake da ganyen. Ka auna sukarinka awa 2 bayan cin abincin na wasu kwanaki, ka kai wa likitanka sakamakon. Ina roƙonka kada ka rage magani da kanka don ka sauya abinci, kuma kada ka sha shi ka fita aiki da cikin wofi.

Tambaya daga wata matar aure a Mirya: Surukata tana da hawan jini. Ina jefa kanwa a wake da ɗanwake don su yi saurin nuna. Akwai illa?

Amsa: Akwai, Malama, kuma Allah ya saka miki da kula da Hajiya. Kanwa tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda yake ɗaga jini, sai dai ita ba ta bayyana a harshe yadda gishiri yake yi, don haka mutum yana ci bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce gram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Idan kika tara kanwa da magi biyu da gishiri a tukunyar safe, Hajiya tana iya cinye kason yininta kafin azahar. Bayan haka kanwa tana lalata wasu bitamin na rukunin B da ke cikin waken. Jiƙon dare yana sa wake ya nuna da wuri ba tare da ita ba, yana kuma rage kumburin ciki. Ɗanɗano kuwa ki nemo shi wajen daddawa da tafarnuwa da citta da busasshen tumatir. Ɗanwake yana son ƴar kanwa kafin ya kama jikinsa, saboda haka a mayar mata da shi na jefi-jefi.

Tambaya daga wata mai juna biyu a Zango: An ce mini jinina ya yi ƙasa, kuma ba na iya jure warin nama. Wake da zogale za su ishe ni?

Amsa: Ɗiyata, za su taimaka miki sosai, amma su kaɗai ba za su ishe ki ba. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana ƙara shigarsa, shi ya sa nake so ki matsa lemun tsami a kan abincinki bayan an sauke, ko ki yanka ɗanyen tumatir da kika wanke sosai, ko ki biyo shi da gwaiba. Shayi kuwa yana tare shi, don haka ki jinkirta shan shayi har aƙalla awa ɗaya bayan kin ci. Akwai kuma bitamin B12, wanda babu shi a hatsi ko wake ko ganye, kuma jininki da ƙwaƙwalwar abin da ke cikinki suna buƙatarsa; tun da ba kya cin nama, ki riƙa shan dafaffen nono a furarki, ki ci ƙwai ko kifi idan zuciyarki ta karɓa. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki wajen awon ciki ki sha su kullum, ko da sun mayar miki da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Idan kika ji numfashinki yana yankewa daga ƴar tafiya, ko jiri yana ɗibarki, ko zuciyarki tana bugawa da sauri, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a ranar.