Kondo, taunhaus ko ko-of: amsa ga ƙanenmu mai neman gidan farko a jihar Meriland ta Amurka

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya raba ka da gidan haya lafiya. Na karanta tambayarka: kai da iyali da yara uku, dillali ya nuna muku kondo mai ɗaki uku a yankin Prince George's, farashinsa da sauƙi amma kuɗin watansa, wato kuɗin hidimar da ake biya wa ƙungiyar masu ginin, dala 480, sai kuma taunhaus da ya fi shi tsada amma kuɗin watansa dala 95 kacal, ga wani abokin aikinka yana ce maka ka leƙa ko-of, wato ginin da mazaunansa suka mallaka tare ta hanyar kamfani. Na zauna a kondo, har na riƙe ma'ajin kwamitin gininmu, yanzu kuma ina taunhaus, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Abu na farko, kada ka yi hukunci da ido. Siffar gini ba ta gaya maka abin da ka saya, takarda ce ke faɗa. Taunhaus fasalin gini ne kawai: gidaje a jere, bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci, kowa da ƙofarsa, bene biyu ko uku. Layi biyu na irin waɗannan gidaje za su iya fuskantar juna, fenti ɗaya, taga iri ɗaya, amma a layin dama mutum ya mallaki gida da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, a layin hagu kuwa a doka kondo ne, cikin ɗakuna kawai ya mallaka. Ka je Greenbelt, nan kusa da kai, ka ga tsofaffin gidajen da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta gina a 1937. A ido taunhaus ne, a takarda kuwa ko-of ne tun da mazaunansu suka haɗu suka saye su daga gwamnati a 1952. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa dillali ita ce: me takardar mallaka ta ce, ƙasar tawa ce ko ta tarayya?

A kondo, abin da ke naka shi ne abin da bangonka ya kewaye. Rufi, harsashi, bangon waje, matakala, lifta, filin ajiye motoci, manyan bututun ruwa, duk na kowa da kowa ne, kuma kana da kaso a ciki gwargwadon abin da takardar kafa ginin ta rubuta wa ɗakinka. Ka ɗauke shi kamar babban gidan gado a gida: kowa da sashensa, amma zaure da rijiya da katanga na duka ne, in katanga ta faɗi ba a tambayar ta gefen wa ta faɗi. Bambancin shi ne a nan ba 'yan'uwanka ba ne, kuma in ka ƙi ba da naka kason ba dattijo za a turo maka ba, wasiƙar lauya ce. Baranda da wurin motarka galibi suna tsaka-tsaki: kai kaɗai ke amfani da su, amma ba naka ba ne, ba ka da ikon rufe baranda da gilashi don ka ƙara ɗaki.

A taunhaus na cikakkiyar mallaka, rufin naka ne, bangon waje naka ne, ɗan filin baya naka ne. Ƙungiyar masu gidajen unguwar, wadda suke kira HOA, tana kula da titin cikin unguwa, yankan ciyawar fili, kwashe ƙanƙara, wani wurin har da shara da wurin wasan yara. Shi ya sa kuɗinta bai da yawa. To a nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗewa, su ɗora 95 kusa da 480 su ce sun ga riba. Ka nemi a rubuta maka abin da 480 ɗin ya ƙunsa. A kondo da yawa akwai ruwa da magudana a ciki, da inshorar ginin gaba ɗaya, a tsofaffin gine-gine har da gas ko wuta, sannan da kason da ake tarawa don rufi da lifta. A taunhaus duk waɗannan kai za ka biya da kanka, kuma ranar da rufi ya fara yoyo ko na'urar ɗumama gida ta mutu a watan Janairu, babu wanda zai taya ka. Kuɗin na nan, sai dai a kondo ana karɓarsa daga hannunka wata-wata, a taunhaus kuwa an bar ka da halinka. In kai mai iya ware ɗari biyu ko uku ne duk wata ka manta da su, taunhaus ba zai ba ka wahala ba. In kuwa duk abin da ya saura a asusu Western Union yake tafiya, ka yi wa kanka adalci tun yanzu.

Bari in daɗe kaɗan a kan abin da ya fi ba ni tsoro a kondo, wato asusun ajiya. Kowane gini yana da asusu biyu, na hidimar yau da kullum da na manyan gyare-gyare. Kwamiti kuwa maƙwabtanka ne da aka zaɓa, ba albashi suke karɓa ba, kuma ba wanda ke son ya zama shi ne ya ƙara wa mutane kuɗin wata. Sai a yi ta ɗage ƙarin shekara bayan shekara, asusu ya rame, gini ya tsufa. Ranar da gyaran ya zama dole sai a yanka wa kowa karo-karo na musamman, kuma wanda ke riƙe da ɗakin a ranar shi zai biya, ko da jiya ya tare. A lokacin da nake ma'aji, injiniya ya duba barandunmu ya ce ƙarfen ciki ya yi tsatsa. Taron da muka yi a kan wannan ban taɓa ganin irinsa ba: tsofaffi 'yan fansho suna kuka da gaske, masu ba da haya suna cewa a yi faci kawai, matasan da suka sayi ɗaki bara suna tambayar dalilin da ya sa ba a gaya musu ba. Kowa da gaskiyarsa, amma barandar ba ta jiran kowa.

Ka tuna benen Champlain Towers South da ya rushe a Surfside ta jihar Fulorida ranar 24 ga Yuni 2021, mutum 98 suka rasu. Kondo ne mai hawa 12 da aka kammala a 1981. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa kankaren da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninƙaya ya lalace sosai. Aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗi, sai a 2021 aka amince da karo-karon kusan dala miliyan 15, wanda ya kama daga wajen dala dubu 80 a kan mai ɗaki ɗaya har sama da dubu 300 a kan mai babban sashe na sama. Ginin ya faɗi kafin a yi babban aikin. Tun daga nan abubuwa suka canza a ƙasar nan. Fulorida ta yi doka a 2022 ta tilasta binciken tsofaffin benaye, ta kuma hana a riƙa kaɗa ƙuri'ar tsallake zubin asusun ajiya na muhimman sassan gini. Mu ma a Meriland, tun Oktoban 2022 doka ta wajabta wa kondo da HOA da ko-of su sa ƙwararre ya yi musu lissafin asusun ajiya, a sabunta shi duk shekara biyar, a kuma tsara kasafi a kansa. Wannan ne ya sa kuɗin wata ya yi tsalle a gine-gine da yawa cikin 'yan shekarun nan. Ni dai kondon da kuɗinsa ya tashi saboda yana cika asusu ya fi kwanta min a rai a kan tsohon gini mai taƙama da arha.

Wannan ya shafi bashin sayen gidan ma. Fannie Mae da Freddie Mac, waɗanda ke saye mafi yawan basussukan gidaje daga bankuna, ba kai kaɗai suke dubawa ba, har ginin suke dubawa. In akwai babban gyaran da aka yi watsi da shi, ko fiye da kashi 15 cikin ɗari na ɗakuna sun yi kwana 60 ba su biya kuɗin wata ba, ba za su karɓi bashin ba, banki kuma sai ya ja da baya. In da FHA, hukumar gwamnatin tarayya mai tsaya wa bashin sayen gida, za ka bi don ka ba da kashi 3.5 a gaba, ka duba ko ginin na cikin jerin da suka amince da shi, ana ganinsa a shafin intanet na HUD, ma'aikatar gidaje ta tarayya. In kuma kana gudun riba za ka bi kamfanonin musharaka irin Guidance Residential ko UIF, ka ba su adireshin ginin tun kafin ranka ya kwanta a kai, don su ma suna da sharuɗɗansu a kan kondo. Ka kuma tuna, ginin da ya ba ka wahalar samun kuɗi yau, shi zai ba mai saye wahala ranar da kai za ka sayar.

Ko-of kuwa ba gida kake saya ba, hannun jari kake saya a kamfanin da ya mallaki ginin, sai a ba ka takardar zama a ɗaki kaza muddin kana riƙe da jarin. Kuɗin watansa ya fi kauri don galibi harajin gida na ciki, da kason bashin da ke kan ginin in akwai. Kwamiti ne ke tantance ka, ya duba albashinka da asusunka, wani wurin har a kira ka ganawa, kuma zai iya ƙin ka. Dokar adalcin gidaje ta 1968 ta hana a ƙi mutum saboda launinsa ko addininsa ko ƙasar asalinsa, amma a wurare da yawa ba dole ba ne su faɗi dalili. Sa ɗan haya ma da wuya su yarda. Mutanenmu na Niyok sun fi mu saninsa, Co-op City ta Bronx kaɗai tana da ɗakuna sama da 15,000. A nan wajenmu kaɗan ne, bankunan da ke ba da bashinsa ma kaɗan ne. Ga wanda ke tunanin wata rana zai koma gida ya bar gidan a hannun 'yan haya, ban ga dacewarsa ba.

Af, in neman ya kai ka Baltimo ka ga gidajen jere masu arha, ka tambaya ko akwai hayar ƙasa a kansu. Tsohon tsari ne a garin, gidan naka ne amma ƙasar ta wani ce, kana biyansa ɗan abu duk shekara. Ana iya fansarta, amma a sani tun farko.

Sai dokokin zama, waɗanda mu suka fi ci wa tuwo a ƙwarya saboda yanayin rayuwarmu. Mu masu baƙi ne. Surukarka za ta zo wankan jego ta yi watanni, ranar suna motoci goma za su cika layi, ƙanen matarka ɗalibi zai sauka "kafin ya samu wuri". Ka karanta abin da suka ce a kan wurin motar baƙi, don jan mota a waɗannan unguwanni ba wasa ba ne. Gasa nama da gawayi a barandar bene dokar kashe gobara ta hana. Ragon layya kuwa gona za ka je, ko a taunhaus. A kondo akwai mutum a samanka da ƙasanka, yara uku masu guje-guje a kan katako za su jawo maka wasiƙa, ƙamshin daddawa kuma yana bin baranda ya gaida kowa. HOA ma tana da nata: launin ƙofa, tsayin shinge, motar sana'a mai rubutu a jiki, inda za ka ajiye kwandon shara. Kuma dukansu biyun, in ka daina biyan kuɗin wata, suna da ikon ɗora wa gidan bashi a hukumance har ta kai ga gwanjo, ko da ba ka taɓa saɓa wa banki ba. In kuna rigima da kwamiti, ka yi rigimarka kana biya.

Wani abu ƙarami mai cizo: a kondon Meriland, in ɓarna ta taso daga ɗakinka, a ce tukunyar ruwan zafi ta fashe ta jiƙa na ƙasa, za a iya ɗora maka har dala 10,000 na kason farko da inshorar ginin ba ta biya. Ka tabbata inshorarka ta cikin ɗaki, wadda ake kira HO-6, ta ɗauke wannan.

Doka ta ba ka dama guda, kada ka yi wasa da ita. Bayan ka sa hannu, dole mai sayarwa ya ba ka kundin takardun ƙungiyar, kuma a Meriland kana da kwana bakwai a kondo, kwana biyar a HOA, daga ranar da kundin ya iso hannunka, ka fasa a mayar maka da kuɗin kamunka ba tare da ka ba da dalili ba. Kundin yana da kauri, dillali kuma zai ce maka duk iri ɗaya ne. Ka fara da kasafin shekara da rahoton asusun ajiya: nawa ƙwararre ya ce ya kamata a samu, nawa ke ciki. Ka ga ko an yanka karo-karo ko ana shari'a. Ka roƙi rubutattun bayanan tarurrukan kwamiti na shekarar da ta wuce, a nan ake jin maganar yoyo da tsagewar bango tun kafin ta zama lissafi. Sannan ka je unguwar da yammacin Asabar ba tare da dillali ba, ka tsayar da wani dattijo mai yawo da kare ka tambaye shi yaushe aka canza rufi.

In ra'ayina kake so, da yara uku da irin baƙinmu, taunhaus na cikakkiyar mallaka ya fi dacewa da ku, da sharaɗin mai duba gida ya hau rufin ya gaya maka shekarunsa, ya duba na'urar ɗumama gida da ta sanyi, kuma kai ka buɗe asusun gyara tun watan farko. In bambancin farashin zai sa ka kwana da fargaba duk ƙarshen wata, kondon ma ba laifi ba ne, amma sai lambobinsa sun yi kyau. In kundin ya iso, ɗauko hoton shafin kasafi da na asusun ajiya ka turo min ta akwatin saƙo, mu duba tare kafin kwanakin su ƙare. A gaida maman yara.